Shirwar Da Ta Sure Jan Kwalin Baba

Ku da kuka cika min waya da tambayar ko na kai Sohei gida, to ku gyara zama. Na kai shi. Ina nan da raina, shi ma yana nan da nasa, amma abin da ya faru ranar Lahadin nan ban taɓa kitsa shi ko a mafarki ba.

Saboda sababbin zuwa, sunana Chizuru, a gida Chizu ake ce min. Gyaran gashi nake yi a wani shago da ke saman bene kusa da tashar jirgin ƙasa a nan Osaka. Na ba talatin baya ina zaune gaban iyayena, abin da ya hana Goggo Fumie sakat ke nan. Goggo yayar Baba ce. Kusan duk mako sai ta shigo da ambulan a jaka, a ciki da hoton wani namiji ya sha kwat yana murmushin dole. Sohei kuwa ba ya cikin ambulan ɗin kowa. Mai gyaran lifta ne. Shi ya ciro ni ranar da na maƙale tsakanin hawa da hawa a ginin shagonmu, ina kuka har da majina, ya miƙo min hankici mai ƙaurin baƙin mai. Tun daga ranar muke tare, a ɓoye.

To, ɓoyon ya ƙare ranar Litinin. Ina yanka albasa Mama ta ce, ba tare da ta ko kalle ni ba, ta gaji da yi wa Goggo ƙarya. Ta san akwai wanda nake yi wa dariya a waya, don bangon gidanmu ba kauri gare shi ba. Ko dai in kawo shi cin abinci ranar Lahadi, ko kuma in yi kwalliya in bi Goggo in ga likitan haƙorin da ta samo. Na ce zan kawo shi. Ta ce madalla, sannan ta ce albasar ta yi girma.

Yanzu bari in ba ku labarin Baba, don in ba ku san shi ba ba za ku gane tashin hankalina ba. Baba direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, kuma tun da ya ajiye aiki ya koma yaro. Ɗakin sama, wanda Mama ta ci burin mayarwa ɗakin ɗinki, ya cika shi da menko, katin nan na kwali mai kauri da yaran da ke bugawa a ƙasa, kowanne da zanen ɗan wasan besbol, wani ya ɗaga sanda, wani ya ɗaga ƙafa zai yi jifa. Yana yaro a kwali ake sayar da su a shagon alewa, kowane kwali da jerin 'yan wasansa. Nasa ambaliya ce ta jiƙa su, kakata ta zubar yana makaranta, kuma har gobe bai huce ba. Yanzu kwali-kwali yake bin su a shafin gwanjo na intanet. In ya samu ya jera su a leda cikin kabad ɗin gilashi, ba ya taɓa su sai da farar safar hannunsa ta tuƙin jirgi. Ni kaina sai na wanke hannu nake shiga ɗakin.

Baba yana da maƙiyi ɗaya a duniya. Wani ne a shafin gwanjon, ba a san sunansa ba, hoton shirwa kawai ya sa. Mutumin nan ba ya tayawa da wuri. Sai Baba ya gama murna, ya fara share wa kwali wuri a kabad, ana daf da rufewa sai ya faɗo ya sure. A gidanmu komai ya lalace Shirwa ne. Miya ta yi gishiri, Shirwa. Ruwa ya jiƙa shanya, Shirwa. Baba ya ma zana shi a ransa: tsoho ne mai sanƙo, mai kuɗin banza, ba mata ba 'ya'ya, kuma tabbas ƙafarsa na wari.

Ranar Laraba da safe na sauko na tarar da Baba ya tasa shinkafa da gasasshen kifi a gaba bai taɓa ba. Mama ta yi min alama da ido. Ashe jan kwalin ne ya fito gwanjo, irin wanda yake da shi yana yaro, wanda ya fi kowanne so, cikakke ba kati ɗaya da ya ɓata. Kuma Shirwa ya sure. Na shafa kafaɗarsa na ce wani zai fito. Ya ce min wannan ba ya fitowa sau biyu a rayuwar mutum, ya tashi ya hau sama.

Ina tsaye a jirgi, an matse ni kamar kifin gwangwani, saƙon Sohei ya shigo da hoto. Na buɗe. Jan kwali ne a kan tebur, gefensa kofin shayinsa mai tsagaggen baki.

"Kin tashi lafiya? Akwai abin da na daɗe ina jin kunyar gaya miki, kada ki ce ni yaro ne. Irin waɗannan nake tarawa. Duba abin da na kama jiya, tun a daren na je na karɓo. Wani mai taurin kai ya so ya hana ni, amma na sure a ƙarshe."

Nan take na rubuta, "Wane hoto ka sa a shafin?"

"Shirwa. Me ya faru?"

Jama'a, sai da jirgi ya wuce tashata ban sani ba.

Da yamma muka haɗu a shagon taliyar da muke zuwa, na zayyane masa komai, har da sanƙon da warin ƙafar. Ya yi dariya har romo ya sarƙe shi, mai shago ya kawo masa ruwa. Can kuma sai dariyar ta ɗauke, fuskarsa ta yi fari. Na roƙe shi ya rufa mana asiri, ya zo ya ci abinci ya tafi, in an ɗaura aure an haihu sai a faɗa, ko ma kada a faɗa har abada. Ya ƙi. Ya ce ba zai iya zama a tabarmar mutum ya ci shinkafarsa yana ɓoye masa abu irin wannan ba. A nan ya ba ni labarin kakansa da ya rene shi, wanda ya koya masa buga menko a bayan gida, ya ce shi ba don gilashi yake sayensu ba, in kewar tsohon ta taso masa fito da su yake ya buga shi kaɗai. Na ji haushinsa, na kuma ji na ƙara sonsa, duk a lokaci ɗaya.

Lahadi ta zo. Na sa riga na cire, na sa na cire, daga ƙarshe na tsaya a kan shuɗiya mai ɗigon fari da ƙaramin ɗan kunnen da Mama ta ba ni. Goggo ta riga kowa zuwa, cikin rigarta mai zanen damisa, gashi ya sha rini ja, jaka cike da alewa, bakin ambulan ɗin likita na leƙowa don in gani. Mama ta kafa farantin ƙarfe a tsakiyar tebur, ta kwaɓa ƙullun wainar kabeji da naman alade da jatan lande. Baba ya sa rigar da yake zuwa biki da ita, yana ta tsuke fuska yana gwadawa a madubi.

Sohei ya iso cikin kwat ɗin aro, hannun ya tsaya masa tun kafin wuyan hannu. Ya cire takalmi ya jera, na ga safarsa sabuwa ce fil, na gode masa a raina. A hannunsa da ƙunshi cikin koren ƙyalle. Da na ga girman ƙunshin na gane abin da ke ciki.

Ya durƙusa ya ce, "Baba, na same ku lafiya?"

"Ban haife ka ba tukuna," in ji Baba. "Zauna."

Goggo ce ta karɓi tambayoyin. Aikin me, iyaye fa, yana shan giya, me ya sa ya rame haka, ko ba ya samun abinci ne. Da ta ji lifta yake gyarawa ta ce to ai gara, ko ba komai zai riƙa ɗaga 'yarsu sama. Mama ta dinga loda masa waina, shi kuma yana ci kamar wanda aka ba umarni. Da ya yabi miyar da ta shafa a kai, na ga Mama ta faɗa hannunsa gaba ɗaya. Har Baba ya fara sakin fuska, don sun shiga hirar birki da igiyar ƙarfe. Na fara cewa a raina wataƙila ya fasa.

Bai fasa ba. Ana kwashe kwanuka ya ja da baya, ya tura ƙunshin gaban Baba da hannu biyu, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa tabarma. Baba ya kwance ƙyallen. Jan kwalin ya bayyana.

Baba ya kalli kwalin, ya kalli Sohei, ya kalli kan Sohei mai cike da gashi.

"Kai ne?"

"Ni ne, Baba. Ban san ku ne ba sai ranar Laraba. Na kawo muku, naku ne."

Goggo ta fashe da dariya har tana buga cinya, tana cewa ashe Shirwa ma yana cin wainar kabeji. Baba bai yi dariya ba. Na ga hannunsa ya ɗaga zai taɓa murfin, sai ya janye. Ya mayar da ƙyallen ya rufe, ya tura wa Sohei abinsa.

"Ka sure min kwali, yanzu ka zo sure min 'ya, sannan ka biya ni da abin da ka ƙwace. Ɗauki kayanka. Ba a yi min sadaka a gidana."

Hawaye suka cika min ido. Na ga hannun Goggo ya nufi jakarta, wajen ambulan. Na ce shi ke nan, ni da likitan haƙori sai mutuwa.

Sai Sohei ya ɗago ya ce, a hankali, in kyauta ba ta karɓuwa, to Baba ya ci shi a wasa mana. Su buga, kamar yadda yara ke yi. In Baba ya ci, kwalin nasa ne da guminsa. In shi ya ci, Baba ya ba shi kati ɗaya daga kabad.

Baba ya ce shi ya girmi wannan shirmen. Goggo ta ɓare alewa ta jefa a baki ta ce, "Ƙyale shi, yaro. Tsoro yake ji. Ƙanen nan nawa Tokuji bai taɓa cin kowa ba. Kullum sai an wanke shi tas ya dawo gida yana kuka da wando a hannu."

"Yaya, a gaban baƙo?"

"Ƙarya na yi?"

Ba mu ankara ba Baba ya hau sama. Muka ji ana buɗe kabad. Ya sauko da ƙwaryar katunan da yake da biyu-biyunsu don bugawa, da kuma guda ɗaya a leda, wani mai jifa da koren hula, wanda na san yana ji da shi kamar ido. Ya ajiye shi a kan jan kwalin ya ce ga nasa zubin. Abin da ya fi ba ni mamaki, ba safar hannu.

Tabarma ba ta buguwa, don haka muka fita lungu, kan siminti a ƙofar gida. Ga yadda abin yake ga wanda bai taɓa gani ba: ka ajiye katinka a ƙasa, abokin wasa ya maka nasa a gefensa da ƙarfi, in iskar ta kifar da naka ya ci. Suka yarda wanda ya fara ƙarar da na hannun ɗan'uwansa shi ya yi nasara. Sohei ya cire kwat ɗin aro ya ba ni riƙo. Baba ya naɗe hannun rigar biki, ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara har mai wankin kusa da mu ya leƙo.

Bugun farko na Baba ko motsi katin bai yi ba. Na biyu ya maka yatsansa a siminti ya yi tsalle yana yarfe hannu. Amma a na gaba, katin Sohei ya ɗaga, ya yi kamar yana shawara, ya kife. Baba ya yi wani ihu da ban taɓa ji daga bakinsa ba, ya juya yana nuna Goggo da yatsa yana tambayarta wa ke kuka yanzu. Kafin ka ce me, lungu ya cika. Mai wanki, matar mai sayar da awara da tsintsiya a hannu, tsofaffin da ke dawowa daga gidan wanka da tawul a wuya, kowa na ba da shawara. Wani ya ce ya karkata hannu, wani ya ce a zamaninsu kitse suke shafa wa kati don ya yi nauyi. Mama ta fito da shayi a tire ta manta ta raba, ta tsaya tana kallon mijinta kamar yau ta fara ganinsa.

Aka yi ta ci ana ramawa har ya rage wa Baba kati ɗaya a ƙasa, bugu kuma na Sohei ne. Na tsaya a bayan Baba ina zare masa ido, ina girgiza kai, ina roƙonsa da duk gaɓar da ke fuskata. Ka faɗi, bawan Allah. Ka bar tsoho ya ci. Ya gan ni sarai. Ya kalli Baba, wanda gumi ya jiƙa wa riga, idonsa na ƙyalli. Sannan ya ɗaga hannu ya maka da dukkan ƙarfinsa.

Katin Baba ya yi sama ya kife.

Ni kam na riga na fara tunanin kalar rigar da zan sa in ga likita. Baba ya daɗe yana kallon katin. Sai kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce. Ya zauna daɓas a siminti da rigar bikinsa yana dariya yana share ido.

"Da ka bar ni na ci," ya ce, "da ko takalminka ba za ka tsaya ɗauka ba. Ɗauki mai koren hular. Ɓarawo."

Ina shirin sakin numfashi sai na ji an dangwara min jaka a hannu. Goggo ce. Ta tuɓe takalmi, ta tattare siket, ta ce wa Baba ya matsa, ai dama tun suna yara ita ke zuwa ƙwato masa kayansa. Ta ce wa Sohei ya zuba duka, kwalin da katin. Ya yi murmushin ladabi, irin na wanda zai yi wasa da tsohuwa a hankali.

Ba a daɗe ba murmushin ya gudu. Goggo ba ta ɗaga hannu sama, daga gefe take shararowa, ƙasa-ƙasa, sai ka ji fat, kati ya kife. Alewa na bakinta ko tsotsa ba ta daina ba. Ta share shi tas, tsofaffin gidan wanka na tafi da tawul. Baba ya miƙo hannu biyu yana washe baki zai karɓi jan kwalinsa. Ta buge hannun.

"Wa ya ce maka naka ne? Ni na ci. Mai so ya zo gidana ya ci ni."

Ta ƙunshe kwalin da mai koren hular a ƙyallen Sohei, ta danna a jaka. Wurin bai isa ba, sai ta zaro ambulan ɗin likita ta miƙa wa Mama ta ce a sa a ƙarƙashin tukunya, dama hannun likitan ya cika laushi. Ta cusa wa Sohei alewa a aljihu ta ce ya riƙa cin abinci.

Haka aka tashi, maza biyu ba kwali ba kati, sun zauna a dakalin ƙofa kafaɗa da kafaɗa suna ƙulla yadda za su kayar da Goggo. Na ji Baba na tambayarsa yadda yake yi ya faɗo daf da rufe gwanjo, shi kuma yana nuna masa a waya. Na shiga kicin na rungume Mama ta baya. Ta ce in sake ta tana wanke-wanke, amma ba ta ture ni ba.

Da Sohei zai tafi, rana ta yi ja, Baba ya ce ya dakata. Ya hau sama ya sauko da rigar kulob ɗin besbol ɗinmu na Osaka, wadda ya yi shekaru yana zuwa filin wasa da ita, ya ɗora masa a kafaɗa. Ya ce ranar Asabar muna karɓar 'yan Tokyo, ya sa ta ya zo, wurin zamansa na kusa da nasa, za su zage su tare tun daga farko har ƙarshe. Ku da ba 'yan garinmu ba, ku sani wannan rigar ko ni ban taɓa sa ta ba. Kuma a lungunmu mutum zai iya yafe maka sata, amma ba zai yafe maka goyon bayan Tokyo ba. Akwai surukin mai wanki da har yau a waje yake cin abinci.

Sohei ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Na lura muryarsa ta ɗan shaƙe, na ce daɗi ne. Na raka shi bakin titi ina tafe kamar ba na taka ƙasa.

Ina dawowa, ko takalmi ban gama cirewa ba, wayata ta yi ƙara. Hoto ne daga Sohei. Wani yaro ne a wuyan kakansa a filin wasa, su biyun sanye da hula da riga na kulob ɗin Tokyo, har fuska an yi musu fenti. A ƙasa ya rubuta:

"Chizu, wannan ma ba zan iya ɓoye masa ba. Ranar Asabar da tawa rigar zan zo."

Daga sama na ji Baba na waƙar kulob, yana kiran Mama ta nemo masa gangar filin wasa ta biyu, wai ɗansa zai buga.